Samaru a Zariya Take, Amma Sakateriyarta Tana Dogarawa

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ake ta kai ruwa rana a majalisu da teburan masu shayi kan wanda ya kamata ya yashe magudanan ruwan Samaru. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu ƙorafin, har da masu digiri, ke ɗora laifin a kan ƙaramar hukumar Zariya, alhali Samaru ba a hannunta take ba.

Samaru da Bomo da Basawa da Hanwa da Chikaji da Muchiya duk mazaɓun ƙaramar hukumar Sabon Gari ne, wadda sakateriyarta ke Dogarawa. Babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, da barikin Basawa, da tashar jirgin ƙasan da Sabon Gari ya tsiro a gefenta tun zamanin Turawa, duk a ƙasarta suke. Ita kanta jami'ar a rarrabe take: harabar Kongo tana ɓangaren Zariya, asibitin koyarwa na Shika kuma yana ƙaramar hukumar Giwa. Masarautar Zazzau ce ta haɗa su, amma kasafin kuɗin kowa daban.

Inda ruɗanin ya fi yin ɓarna shi ne rafin Kubanni. Yana gangarowa daga wajen Shika, ya ratsa jami'a inda aka tare shi da madatsa, ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ya faɗa kogin Galma. Ya zama kamar katangar da ke tsakanin gidaje biyu: kowa na jingina da ita, babu mai yaɓe ta kafin damina. Ana zuba masa shara ta kowace gaɓa, kuma da ruwansa masu lambu ke bayi da rani, kayan miyan su dawo mana kasuwa. Ledar da aka jefa a kwatar Samaru kuwa, ruwan sama na iya kai ta har madatsar da dubban ɗalibai ke sha daga cikinta.

Hukumomin ma suna da nasu kason na laifi. Da wuya baƙo ya ga allon da zai nuna masa inda iyakar wannan ta tsaya, ta waccan ta fara, kuma mazauna unguwanni da yawa ba su san sunan kansilansu ba, balle ofishin da za su kai kuka.