Daga alli zuwa man janareta: yadda ya kamata hukuma ta riƙa sayen ƙananan kaya

Da an ce kwangilar gwamnati, hankali sai ya tafi ga titi ko gada. Amma a ƙananan hukumomi irin su Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi da Tsanyawa, inda ƙauye ke jingine da ƙauye, abin da hukuma ke saye yau da gobe ba wani babba ba ne: alli da rajistar firamare, auduga da sirinji na asibitin sha-ka-tafi, man janareta, takardar rubutu a sakatariya. Kowanne kuɗinsa kaɗan ne, sai an haɗa na shekara mutum zai riƙe baki.

Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce ko a ƙaramar sayayya a nemi farashi daga aƙalla 'yan kasuwa uku da ba su da alaƙa da juna, ta kuma haramta daddatsa babbar kwangila don a kauce wa gasa. Kano ma ta yi tata dokar a 2021. To, amma wa zai tsaya neman farashi uku duk wata saboda katan ɗin alli? Abin da kan faru sananne ne: mutum ɗaya ya zo da takardu uku, kowacce da sunan kamfani daban, rubutun hannun kuwa iri ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne yarjejeniyar kawo kaya mai wa'adi. A yi tallar aikin sau ɗaya, a fili, a jera kayan da ake bukata da ingancinsu, a zaɓi 'yan kasuwa biyu ko uku, a tsayar da farashin kowane abu na shekara guda. Daga nan duk sanda sito ya yi ƙasa, sai jami'i ya rubuta takardar oda, a kawo, a ƙirga, a biya. Kamar dai mai shayi da gidan burodi ne: an gama ciniki tuntuni, kowace safiya adadi kawai ake faɗa. Tsarin yana cikin dokar misali ta sayen kayan gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade masa shekara 4 in ba da wani dalili na musamman ba, don kada kawo kaya ya zama gadon gidan wani.

Mutanen karkarar Kano sun ga mai kama da wannan a shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin Buhari ta fara a 2016. An ɗauki mata masu girki daga cikin garuruwa, ana tura musu kuɗi ta asusun banki, naira 70 kan kowane yaro ɗan aji 1 zuwa 3. Tsarin ya yi kyau ta fuskar barin kuɗin a hannun 'yan gari. Inda gizo ke saƙar shi ne farashin da ya daskare shekara da shekaru alhali wake da manja na hawa a kasuwar Dawanau, kafin daga baya a mai da shi naira 100. Mai girki ba za ta ciri na aljihunta ba. Ludayin ne zai rage zurfi, miyar ta tsinke. In kuma kuɗi suka makara, murhu ya mutu. Ɗan kwangilar da ya sa hannu kan farashin fetur kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 ma ya san wannan karatun.

Saboda haka dole yarjejeniya ta faɗi lokacin da za a sake duba farashi, da kwanakin da za a biya bayan an kawo kaya. Biya a kan kari shi ne zai ba ƙaramin ɗan kasuwar Dambatta damar shiga, domin ba shi da jarin da zai bi hukuma bashin wata shida. Sannan wanda ya rubuta oda kada ya zama shi ne mai karɓar kaya a sito.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ya rage ga kansiloli da kwamitocin makarantu da na asibitoci su nemi a liƙa sunayen masu kawo kaya da farashinsu a allon sanarwar sakatariya, inda duk mai wucewa zai karanta.