Fitilun da Suka Tona Asirin Peugeot 404

Motar Peugeot 404 ce, ta marigayi mahaifin wani abokina a Kano. Ta yi shekaru a rumfar gida lulluɓe da tamfol kafin ya yi niyyar tayar da ita. An sauke injin an wanke, an sa sabbin ringi, an gyara lagireto, mai fenti ya mayar da ita fara sol. Da rana ba ta da makusa. Amma duk daren da aka fita da ita, kowace mota ta tunkaro sai direbanta ya dinga ƙyafta fitila, wani har ya leƙo ya yi faɗa, alhali ƙaramar wuta aka kunna. Mai gyaran wayar mota ya canza ƙwai, ya sunkuyar da fitilun har hasken ya koma dab da hancin motar, duk da haka ba a daina ƙorafi ba.

Abin da iyalin suka sani game da motar a taƙaice yake. Takardarta tana ɗauke da shekarar 1976, kuma tun suna yara suke jin cewa haɗin Kaduna ce, sabuwa mahaifinsu ya saye ta. Zancen ya hau hankali, domin masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma 404 tana cikin waɗanda aka haɗa a Najeriya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Bai ɗauki sifana ba. Ya ce a bari sai bayan isha'i, a juya hancinta ga katangar gareji a kunna wuta. Hasken ya kwanta a jikin katanga, gefensa na sama a miƙe ta ɓangaren dama, amma ta hagu ya ɗaga ya yi sama.

"Alhaji, ka gani?" in ji shi. "Ƙaramar wuta ba a yi ta daidai-wa-daida ba. Gefe ɗaya ake ɗagawa domin ya haska bakin titi, ka ga mai tafiya a ƙasa ko dabba. Ɗaya gefen a kwantar da shi don kada ya shiga idon mai tahowa. A hannun dama muke tuƙi, don haka dama ya kamata ta ɗaga. Taka hagu ce ta ɗaga."

Ya goge gilashin fitilar da gefen rigarsa, ya haska tocila. Ƙarƙashin rubutun masana'anta akwai wata 'yar kibiya mai kai ɗaya, alamar da ake sa wa fitilun ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu, irin su Ingila da Kenya.

Abokina ya ce, "To Baba, ai sai a ce wani ne ya taɓa fasa su, aka sayo na gwanjo a Ƙofar Ruwa aka sa."

Dattijon ya ce mai yiwuwa ne, amma a duba ciki tukuna. A gaban sitiyari agogo uku ne masu zagaye, kuma na gudu da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba. Motar da aka haɗa a Kaduna a 1976 ba ta da dalilin zuwa da agogon mil. Shaida ta zama biyu, kuma da wuya a ce tsautsayi ɗaya ne ya fasa fitila ya kuma lalata agogo.

Washegari aka ɗage shimfiɗar ƙasa ta gefen fasinja. A jikin ƙarfen da ya raba injin da ɗakin motar, ta dama, sai ga faci na walda, an shafe shi da baƙin fenti. Dattijon ya kankare fentin da wuƙa. Faci ɗaya mai zagaye ne, daidai faɗin sandar sitiyari, kusa da shi kuma ga ƙananan ramukan ƙusa da aka toshe, inda ƙarfen da ke riƙe fedojin birki da kuloci ya taɓa zama. Aka koma hagu, inda sitiyarin yake a yanzu. Ramin da sandar ta bi bakinsa da kaushi, da alamar an huda shi da hannu. Na dama kuwa, da aka leƙa ta bayan facin, bakinsa sumul ne, aikin injin masana'anta. Ashe da sitiyari a dama aka haifi motar nan, daga baya aka mayar da shi hagu.

Nan tarihin ƙasa ya shigo cikin gareji. Tun zamanin Turawan Ingila a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, motoci kuma sitiyarinsu a dama. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a mulkin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta koma hannun dama, ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey. Saliyo ta riga ta a 1971, Ghana ta biyo baya a 1974. Masana'antar Kaduna ta buɗe ne shekara uku bayan canjin. Motar da aka shigo da ita domin titin Najeriya da sitiyari a dama, kafin Afrilun 1972 ta iso, lokacin da ba a ɗaura ko ƙusa ɗaya a Kaduna ba.

Saura a san ko wace shekara ce, kuma a nan ne tarihin ƙirar 404 ya yi amfani. Ta fito a Faransa a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ana ƙera ta a garin Sochaux. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1618, an kishingiɗar da shi gefe guda domin bonet ya yi ƙasa. Sunanta ya kafu a Afirka da ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1975, a Kenya kuwa an ci gaba da haɗa 404 har 1991, jimillar da aka yi ta haura miliyan 2.8. A tsawon shekarun nan an yi ta canza mata abubuwa. Na farko-farko agogon gudunsu dogo ne a kwance, agogo uku masu zagaye sai bayan tsakiyar shekarun 1960 suka zo. Birkin gaba ma da farko na ganga ne, sai a ƙarshen shekarun aka koma na faifai. Aka cire tayar gaba, sai ga faifai. Lissafi ya tsuke: an ƙera ta tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1972.

To ina 1976 ta samo asali? Amsar tana wurin tsohon direban gidan, wanda tsufa ya zaunar da shi. Abokina ya je ya gaishe shi, ya kawo zancen. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba sabuwa ba ce. A hannun wani ɗan kasuwa Alhaji ya saye ta, shi ya riga ya juya mata sitiyari da kayan wata da aka samo daga Maraɗi. Da muka karɓo ta aka yi mata fenti, aka yi takarda da sunan Alhaji. Ku kuna yara kuka ga tana ƙyalli." Da aka tambaye shi batun fitila, ya ce marigayin ba ya tafiyar dare, kafin magariba motar tana gida. Shi ya sa aibin ya kwanta shekara da shekaru ba wanda ya kula.

Sanin ainihin zamaninta ya canza yadda ake kula da ita. Kayan birki da na giya yanzu da shekarun ƙirarta ake neman su, an daina bin abin da takarda ta ce. An sake duba waldar da ke riƙe sitiyari da fedojin birki da kuloci, domin aikin hannu ne da ya haura shekara arba'in, kuma rai ne ya rataya a kansa. Dattijon ya kuma ja kunne kan abu biyu. Aksul ɗin baya na salun ɗin 404 yana da haƙori na tagulla, kuma wasu mayukan giya na zamani suna cin tagulla, don haka ba kowane mai ake zuba masa ba. Silindojin injin kuma hannayen ƙarfe ne da ake zarewa, ruwa yana zagaye su. Wanda ya cire kan injin ya juya shi ba tare da ya danne su ba, zai ɗaga su daga mazauninsu, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Fitilu masu dacewa da hannun dama an samo su a Panteka ta Kaduna. Agogon mil kuwa abokina ya ce a bar shi, facin waldar ma ya hana a goge shi, aka shafa masa maganin tsatsa kawai. Ina ganin ya yi daidai, domin su ne shaidar cewa motar ta yi tafiya a titunan Najeriya ta hannu biyu. Duk mai shirin tayar da tsohuwar motar gidansu, kafin ya kira mai fenti ya fara ɗage shimfiɗa, ya karanta gilashi da ƙarfe, sannan ya je ya gaishe da dattawan da suka tuƙa ta tun suna da ƙarfin ba da labari.