Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A birnin Yamai, kamar sauran manyan biranen Afirka ta Yamma, akwai ƴan kasuwar da ba su da shago. Tabarma ko kwali suke shimfiɗawa a bakin hanya, su jera tsofaffin littattafai. Tsakanin ƙamus da littattafan lakwal, mai lura zai hangi wasu ƙanana masu shiga aljihu, takardarsu ta yi ja, bangonsu ya koɗe. Labaran ƴan sanda ne da ɓarayi da ƴan leƙen asiri.

Waɗannan littattafai suna da asali. A shekarar 1945 Marcel Duhamel ya kafa jerin Série Noire a kamfanin Gallimard na birnin Paris, da baƙin bango da rubutu rawaya. A nan masu jin faransanci da yawa suka san James Hadley Chase, da Chester Himes, baƙar fatar Amurka. A 1949 Frédéric Dard ya fito da San-Antonio. Gérard de Villiers kuwa ya soma jerin SAS a 1965, kuma ya rubuta guda 200 kafin rasuwarsa a 2013. Daga baya ƴan Afirka ma sun shiga Série Noire, kamar Abasse Ndione na Senegal da Moussa Konaté na Mali.

Malaman boko sun daɗe suna raina su, wai ba adabi ba ne. Gaskiya ne wasunsu, musamman SAS, na ɗauke da batsa da kallon raini ga baƙar fata, don haka ba na yara ba ne. Amma karatu kamar wuƙa yake: in an daina wasa shi, sai ya dakushe. Wanda ya bar lakwal ko ya gama ajin yaƙi da jahilci, in bai sami abin da zai ja hankalinsa ba, haruffa za su gudu su bar shi. Littafi mai araha, wanda ake ɗokin ganin ƙarshensa, shi ke riƙe mutum ga karatu.

Sai dai ba a yi su don su daɗe ba. Da niƙaƙƙen itace aka yi takardarsu, kuma akwai tsami a cikinta da ke cin ta sannu a hankali har ta riƙa karyewa. Zafin rana, laimar damina da gara suna ƙarasa aikin.

Saboda haka masu tara su ba su saye da gaggawa. Sukan duba shafin ƙarshe tukuna, domin labarin kisan kai da ya rasa ƙarshe ba shi da amfani. Sukan nemi lambar da ke bango don cike gurbin jeri. A gida kuwa sukan ajiye su a inuwa, nesa da ƙasa da jikin gini.

Duk mai irinsu a akwati, ya kamata ya fiddo su, ya kakkaɓe, ya ba maƙwabci aro. Littafin da ba a buɗewa, rabon gara ne.