Me Ya Sa Hadari Yake Kauce wa Wurinsa a Hoton Tauraron Ɗan Adam?

Wani lokaci manhajar yanayi a waya kan nuna hadari a gefen gari, alhali ruwa na sauka a tsakiyarsa. Ba lallai laifin wayar ba ne. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kusurwar da aka ɗauki hoton, matsalar da masana ke kira faralaks.

Taurarin da ke sa ido kan yanayi, irin su Meteosat na Turai da GOES na Amurka da Himawari na Japan, suna can kimanin kilomita 35,786 a saman ikwaita. Suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum suke kallon yanki ɗaya. Wurin da ke ƙarƙashinsu kai tsaye ne kawai suke gani a miƙe. Sauran a karkace suke hango su.

Idan mutum ya miƙa yatsa ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya zuwa ɗayan, zai ga kamar yatsan ya matsa. Haka girgije mai tsawo yake: a hoto yana gusawa nesa da inda tauraron ke tsaye.

Meteosat da ke kallon Afirka yana saman teku ne, kudu da Gana. Hadarin da ya kai kilomita 15 a sararin Kano zai bayyana kusan kilomita 5 arewa maso gabas da inda yake. A Landan, da kusurwar ta fi karkata, girgije mai kilomita 12 na iya kaucewa da kusan kilomita 20.

Gyaran yana farawa ne da auna tsayin girgijen. Na'urar infurared tana karanta sanyin samansa, kuma tunda iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane kilomita, kwamfuta na iya lissafa tsayin. Sai ta haɗa shi da kusurwar, ta mayar da kowane ɗigon hoto wurinsa, ta cike giɓin da ya rage da ƙiyasi.

Siririn girgije kan ruɗi na'urar, domin zafin ƙasa na ratsa shi, sai ya yi kamar bai yi sama sosai ba.

Ga matuƙin jirgin sama ko mai aika gargaɗin ambaliya, 'yan kilomitocin nan su ke raba unguwar da ruwa zai ci da wadda zai tsallake.