Tayar da Mota da Sanin Lokacin Sauya Batir

Gabatarwa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda batirin mota yake aiki, da ɗabi'un da ke rage masa kwana, da kuma alamomin da ke nuna cewa lokacin sauya shi ya yi, domin kada ya bar mai shi a tsakiyar daji da dare.

Asali da Yadda Yake Aiki

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ne ya ƙago batirin dalma a shekarar 1859. Amma sai a 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki, wadda Charles Kettering ya tsara. Kafin nan da hannu ake murɗa wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban injin, wanda yakan karya hannun mai murɗawa.

A cikin batir akwai ɗakuna shida, kowanne da fallayen dalma da ke nutse cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, wato jimla 12.6 ke nan. Tayar da inji yana zuƙe wuta mai yawa, sa'an nan altaneta ta mayar wa batir abin da ya rasa yayin da ake tafiya.

Ɗabi'un Tayarwa

Da farko, ya kamata direba ya kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi, ya sa giya a furi, ya taka kuloci. Na biyu, kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. In injin bai tashi ba, sai ya dakata kamar rabin minti, don kada sitata ta ƙone. Na uku, gajerun tafiye-tafiye, kamar daga gida zuwa tsangaya, ba sa barin caji ya cika. Haka nan ajiye mota makonni ba a tayar ba. Batirin da ya daɗe ba caji, wani gishiri yakan daskare a jikin fallayensa, ya hana shi riƙe wuta.

Akwai kuma al'adar cire kan batir alhali injin yana aiki, wai don a gwada altaneta. Wannan ganganci ne, domin yakan ƙona kwamfutar motocin zamani.

Lokacin Sauyawa

Galibi batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma a ƙasashe masu zafi bai cika kai haka ba. Zafin bazara shi ne yake ƙafar da ruwansa, yake cinye fallayensa a ɓoye, sanyin hunturu kuwa sai dai ya tona asirin ɓarnar.

Alamomin tsufa sun haɗa da nauyin juyawar inji da safe, da dushewar fitilu wajen tayarwa, da ƙarar "kas-kas" ba tare da injin ya motsa ba, da kumburin kwanson batir. To, amma kafin a yanke hukunci, a bar rewaya ya duba. Sau da yawa laifin na farin garin da ya taru a kan batir ne, ko fambel da ya saki, ko altaneta. In injin yana aiki, ma'auni ya kamata ya nuna kusan bolt 14. In batir ya sha caji amma ya faɗi ƙasa da 9.6 wajen tayarwa, to, ya gama yayi.

Kammalawa

Ko da yake da tsohuwar zuma ake magani, ban da tsohon batir. Turin mota kowace safiya ba tattali ba ne, ga shi kuma mota mai sauya giya da kanta ba ta tashi da turi. In an sauya, sai a miƙa tsohon ga masu sayarwa, kada a yar da shi inda yara ke wasa, domin dalma guba ce.