Sauya Wa Filtar Mai Mazauni: A Yi Tunani Kafin A Taɓa

Jama'a, kaka ta yi, ga masara da dawa jibge a gonaki suna jiran mota. Wanda ya tsaya a Kawo ran Talata zai ga a-kori-kura suna shigowa daga Rigachikun da ƙauyukan Igabi, waɗansu kuma ta Mando daga hanyar Birnin Gwari, kowace ta yi nishi da buhuna. Tun da aka soma haɗa Peugeot a Kakuri cikin 1975, irin wannan mota ta zama jakin manomin Kaduna. To, makon nan za mu yi magana a kan wani ɗan abu cikin motar wanda bai fi gwangwanin madara girma ba, watau filta, matacin baƙin mai.

Aikin filta shi ne ta tare ƙasa da garin ƙarfe kada su koma cikin inji. Famfo yakan turo mai ya shiga ta ƙananan hujojin gefe, ya ratsa takardar da ke ciki, sa'an nan ya fito ta babbar ƙofar tsakiya, ya wuce wurin metal da karanshaf. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

A waɗansu motoci an maƙala filtar can ƙasa, inda kututture ko dutsen hanyar gona ke iya fasa ta. A waɗansu kuma tana cikin lungu, hannu ba ya kai mata sai da wahala. Saboda haka sau da yawa akan yi juye a bar tsohuwar filta, a ce sai wani jiƙo. Wannan kuwa daidai yake da a yi wanka a mai da riga mai dauɗa.

Don maganin haka ne ake sayar da waɗansu kayan haɗi na dabam, ba na kamfanin da ya ƙera motar ba. Abu uku ne: faifan ƙarfe da ake murɗawa a gurbin filta, da tiyo biyu, da sabon mazauni wanda ake ɗaurewa a jikin mota inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1923 da Ernest Sweetland ya fito da filtar mota a Amurka, a gefe ake ɗaura ta, a ja mata bututu.

Amfanin abin a fili yake. Filta ta tsira daga kututture, canji ya yi sauƙi, wani lokaci ma akan sami wurin sa wadda ta fi girma. Amma fa a da mahaɗa ɗaya ce mai zai iya yoyo ta cikinta, yanzu an ƙara bakin tiyo huɗu. Kowanne ƙofa ce da aka buɗe wa ɓarawo.

Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcina, falken hatsi, ya kai motarsa wani gareji aka yi masa aikin da magariba, ana sauri. Yaron da ya ɗaura ya musanya tiyon, ya sa na shiga a wurin na fita. Yawancin filta suna da wata roba a ciki mai hana mai komawa baya, don haka man da ya zo ta ƙofar tsakiya sai ya tarar da hanya a rufe. Jar fitilar mai ta ƙi mutuwa, aka ce masa ai waya ce ta taɓu. Bai yi nisa ba inji ya buga. Mota ta yi sati uku a kwance, masarar da ya riga ya biya kuɗinta wani ya ɗauko masa da haya, ribar kakar nan duk ta tafi wurin gyara. Garin neman ƙiba an samo rama.

To, wanda ya ga lalle motarsa na bukatar wannan aiki, ga abin da zai kula da shi.

Na farko, haƙoran murɗawa ba iri ɗaya ba ne. Waɗansu injuna, kamar yawancin Toyota masu shan fetur, na inci ne, kashi 3 cikin 4 na inci. Waɗansu na milimita 20 ne. Bambancinsu bai wuce milimita 1 ba, har faifan da ba nasa ba yakan hau kamar ya kama, sa'an nan ya kuɓuce a hanya. Tafi da tsohuwar filtarka a gwada.

Na biyu, kada a yarda da tiyon ruwa ko na fetur. Baƙin mai yakan kai zafin tafasasshen ruwa, ga kuma ƙarfin famfo. A nemi tiyon da aka yi don mai, wanda faɗin cikinsa bai kasa rabin inci ba, a matse bakinsa da injin matsewa. Masu wannan sana'a suna nan a Panteka. Araha ba ta ado.

Na uku, tiyo ya zama gajere, kada ya lanƙwashe, kada ya kusanci salansa ko fanka, kada kuma ya goga da ƙarfe. A bar masa ɗan sako-sako, don inji yana motsi, jikin mota kuwa ba ya binsa.

Na huɗu, a ɗaura filtar bakinta na kallon sama, yadda za a iya cika ta da mai kafin a murɗa. A ƙara mai kuma, domin tiyo sun sha nasu.

Na biyar, ka tsaya da kanka a bi tiyon da yatsa: wanda ya fito daga inji ya shiga gefen filta, wanda ya fito daga tsakiyarta ya koma inji. In aka ta da mota fitilar mai ba ta mutu nan da nan ba, a kashe, kada a saurari mai cewa waya ce. In ta mutu, a bar inji ya yi zafi, a shimfiɗa kwali a ƙasa a duba ɗigo, a sake duba geji. Bayan tafiya ta farko a sake dubawa.

Wanda filtarsa ke wuri mai kyau, ya bar ta inda masu ƙira suka sa ta. In tsoron kututture ne kaɗai, maƙeri na iya yi mata garkuwar ƙarfe a ƙasa, ba tare da an taɓa hanyar mai ba. Wanda kuma ya ƙudura yi, ya bari sai an gama kwasar amfani, lokacin da kwanan mota a gareji ba zai ci masa riba ba.

Allah ya sa mu kwashe lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka.