Kuɗi ko kwanan gida? Lissafin da matuƙan jirgin sama ke yi a Amurka

A shekarar 2023 kamfanin United Airlines na Amurka ya shiga wata matsala mai ɗaure kai. Yana tallata guraben kyaftin, muƙamin da ke zuwa da ƙarin albashi mai tsoka, amma kusan rabin guraben suka zauna babu mai nema. Mataimakan matuƙa da suka cancanci hawa kujerar suka ce a kai kasuwa. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda ake rabon jirage tsakanin matuƙa a can, don in fahimci abin da zai sa mutum ya ƙi ƙarin girma.

Komai ya ta'allaƙa ne a kan lamba guda. Ranar da kamfani ya ɗauke ka aiki za a ba ka lambar girma, wadda ke nuna su wa suka riga ka shiga. Da ita ake zaɓen irin jirgin da za ka tuƙa, da kujerar kyaftin ko ta mataimaki, da garin da zai zama sansaninka, da jadawalin aikin kowane wata. Kowa ya rubuta abin da yake so, sai kwamfuta ta raba daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Kuma lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani: ko shekara 20 ka yi kana tuƙi, in ka sauya wurin aiki daga ƙasa za ka faro.

Albashi kuwa da sa'a ake lissafa shi, daga lokacin da jirgi ya bar wurin ɗaukar fasinja har ya tsaya a inda zai sauke su. Kuɗin sa'ar ya danganta da girman jirgi, da kujera, da shekarun aiki. Manyan jirage masu dogon zango irin su Boeing 777 da Airbus A350 sun fi Boeing 737 da A320 biya. To, me zai hana kowa rububin babban jirgi?

Abin da ke hanawa shi ne kowane jirgi da kowace kujera suna da nasu layin. Mataimakin da ke sahun gaba a 737 shi ke zaɓen ranakun hutunsa, yana gida a ƙarshen mako da lokacin Kirsimeti. Da zarar ya koma kyaftin, ko ya hau 777, sai ya zama auta a sabon layi. Auta kuwa rabonsa zaman jiran kira: waya a hannu, ana iya kiransa cikin 'yan sa'o'i a ce ya fito, bai san inda zai kwana ba. In iyalinsa na wani gari daban, dole ya kama gado a ɗakin haya na haɗaka kusa da filin jirgi. Sannan ba a saurin janye ƙafa, domin bayan horo a kan sabon jirgi yarjejeniyar aiki kan ɗaure mutum a wurin, sau da yawa kamar shekara biyu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Dogon zangon ma da nasa wahalar. Tafiye-tafiyen ba su da yawa a wata, amma ana tsallake teku cikin dare, agogon jiki ya rikice. Mai gajeren zango yakan sauka ya tashi sau uku ko huɗu a yini, sai dai barcinsa bai cika birkicewa haka ba.

A wani gefen kuma lokaci na tafiya. Doka ta taƙaita tuƙi zuwa sa'a 100 cikin kwana 28, da sa'a 1,000 a shekara, kuma matuƙi na ajiye aiki yana da shekara 65. Ke nan duk shekarar da mutum ya zauna a ƙaramar kujera, kuɗi ne ya bari wanda ba zai dawo ba.

Batun hutu kuma ya wuce jin daɗi. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka mutu. Mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya daga Seattle zuwa Newark kafin ta kama aiki. Bayan hatsarin ne aka tsaurara dokokin hutun matuƙa, waɗanda suka fara aiki a 2014.

A nawa ganin, waɗanda suka ƙi kujerar kyaftin ba raggaye ba ne. Sun auna ne suka ga ƙarin albashin bai kai darajar sanin ranar da za su kwana da iyalinsu ba. Kamfanoni ma sun ji saƙon: sabuwar yarjejeniyar da matuƙan United suka amince da ita a watan Satumban 2023, ban da ƙarin albashi, ta haɗa da gyara ƙa'idojin zaman jiran kira.